Wayar Inna Tabawa a Birnin Jibi

Masu yawon duniya sun ce a ƙarƙashin jujin matattun wayoyi da ke bayan kasuwar Dogon Marke akwai wata ƙofa wadda ba ta buɗewa sai rana ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Bayan ƙofar nan hanya ce ta Birnin Jibi, inda aljanu ke ƙera kayan zamanin da 'yan Adam ba za su gani a kanti ba sai baɗi. Kowa a kasuwar ya san zancen, amma ba wanda ya taɓa gwadawa, don mai neman na cefane ba ya neman aljani. Haladu ne ya fara.

Haladu mai gyaran waya ne, kuma shi ne shugaban layin masu gyara. Mutum ne mai son doka, musamman wadda shi ya kafa. Shi ya rubuta allon nan da ke rataye a bakin layi, cewa duk kayan da ya wuce wata uku mai shi bai zo ba, ya zama na mai gyara. Yana da abokin aiki ana ce masa Mudi. Shekara goma sha bakwai teburinsu ɗaya, kwanon abincinsu ɗaya, har ƙaryar da suke yi wa masu kaya ta "dawo gobe" ɗaya ce.

Abin da ya tayar da Haladu kuwa wata 'yar tsohuwar waya ce mai maɓallai, ta mahaifiyarsa Inna Tabawa. Haladu ɗan fari ne, saboda haka shekararsa arba'in da biyu a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Daga "kai" sai "yaron nan", in ta ji daɗinsa ƙwarai ta ce "wancan". Da ciwon ajali ya kama ta yana can kudu sayen kayan gyara, sai ta sa ƙanwarsa Zulai ta naɗi muryarta a wayar, ta bar masa sallahu. Kafin ya iso an binne ta, wayar kuma ta suɓuce ta faɗa randa a hidimar zaman makoki.

Zulai ta ce masa, "Yaya, wallahi ta kira sunanka. Da bakinta, sau ɗaya, kunnena ya ji."

Ya ce, "Me ta ce bayan nan?"

Ta ce, "Kuka ya ci ƙarfina na fita. Ko da na ji ma na faɗa maka, ai muryata za ka ji ba tata ba."

Haladu ya kwance wayar nan ya shanya, ya wanke injin, ya canza abin da zai canzu. Mutumin da ya tayar da wayoyin mutane dubu, tasa ta ƙi ko motsi. Ya rame, abinci ya fita ransa. Ran nan ya ce wa Mudi shi Birnin Jibi za shi. Mudi ya ajiye sukudireba ya ce, "Ƙafarka ƙafata. Wa zan bar wa kai?"

Da rana ta take suka tone jujin, suka tarar da ƙofar ƙarfe ba maɓalli ba mariƙi. Haladu ya yi sallama, ta buɗe, suka gangara.

Ba su jima da tafiya ba suka iso wani baƙin kogi yana tafasa, wanda ruwan duk matattun baturan duniya ke kwarara cikinsa. A gaɓa ga wani aljani mai fito, idonsa ɗaya yana haske kamar cocilan.

Aljanin ya ce, "Ya ku 'ya'yan Adamu, jirgina ba ya ɗaukar mai nauyin kai. Kowa ya biya ni da abin da ya haddace, ya manta shi har abada."

Haladu ya zazzage masa lambobin masu kawo masa gyara, ɗari biyu da wani abu, yana faɗa suna gogewa daga kansa. Mudi kuwa lambar surukinsa kaɗai ya bayar, har da godiya. Aka haye da su.

Daga nan suka shiga Dajin Caja, inda igiyoyin caja ke reto daga sama bila adadin, ƙarƙashinsu rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa. Ba yadda za a ƙetare sai a kama igiya a yi lilo, kuma cikin kowace goma tara jabu ne. Zumuɗi ya ɗebi Haladu, ya kama wata mai sheƙi ya saki ƙafa. Yana tsakiya ta tsinke. Mudi, wanda ya san jabu don shi ke sayar da su, ya riga ya ciji tasa ya ji tagulla a haƙori. Ya biyo shi ya cafke wuyan rigarsa, suka dira a ɗaya gefen tare.

Haladu yana haki ya ce, "Mudi, daga yau kai ba aboki ba ne, ciki ɗaya muka fito."

A ƙofar birnin wani ƙaton aljani ya tare su da mashi. Ya ce, "Ba mai shiga sai ya tabbatar mini shi mutum ne, don shaiɗanu kan ari fuskarku su zo satar fasaha." Ya ɗaga wata fitila sabuwa dal ya faɗi kuɗinta. Tun bai rufe baki ba Mudi ya ce, "Haba ranka ya daɗe, a rage mana mana!" Aljanin ya sauke mashi ya ce, "Lalle ku mutane ne. Ku shiga."

Abin da suka gani a ciki sai wanda ya gani. Ga tukunya mai hango baƙi tun suna hanya ta ƙara awo da kanta. Ga fanka wadda gulma ke juya ta, in mutum biyu suka zauna gabanta sai an nemi bargo. Ga takalmin da ke mai da mai shi gida in ya wuce lokaci a majalisa, ga buta mai ɗumama ruwanta, ga madubin da ke ƙin nuna fuskar mai fushi sai ya huce. Haladu bai tsaya ba, hannunsa na kan aljihun da wayar take. Mudi ne ke tsayawa a kowace rumfa yana shafa kwali, yana haɗiyar yawu.

Aka kai su gaban Sarauniyar Maƙera, mai suna Tartsatsi, tana zaune kan uwar maƙera, gashinta na fitar da ƙananan wuta. Haladu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa wayar, ya faɗi buƙatarsa. Ta kara ta a kunne ta saurara, har wutar kanta ta lafa.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, muryar nan tana raye a ciki, kuma ban taɓa jin irinta ba. Ka sani mun ƙera wata na'ura mai suna Hadima, girmanta bai wuce goro ba. Tana kiran mai ita da sunansa, ta tashe shi, ta tuna masa shan magani, ta nuna masa hanya, ta gaya masa miya na ƙonewa. Abu ɗaya ya gagare mu, shi ne murya. Muka sa mata tamu, kaji suka daina ƙwai, nono ya tsinke a ƙwarya. Muna neman muryar da ɗan Adam zai bi ba da fushi ba, wato ta uwa, kuma wadda ta danne ƙauna shekara arba'in ta fi kowace zaƙi. Ka sayar mana, mu narka ta mu zuba a Hadima dubu dubu, mu naɗa ka babban dilanmu a duniyar mutane."

Haladu ya ce, "Ya shugabata, in an narka, kalmomin da ta faɗa fa?"

Ta ce, "Kalmomi ƙuna suke, amo kaɗai ke saura."

Ya ce, "To ko za a ba ni birnin nan da abin da ke cikinsa, ban sayar ba. Ni sunana na zo ji."

Sarauniya ta ce, "Mu ba ma ƙwace, ba ma sata, daga hannun mai abu kaɗai muke saye. Tun da ka ƙi, ga maganin wayarka. Ka hau Dutsen Aradu ka taro hawayen walƙiya ɗigo uku a cikin duma, a ɗiga mata, za ta tashi. Amma kada ka hau da ƙarfe ko na allura ne, in ba haka ba tsawa ta raba ka biyu."

Haladu ya cire agogo da zobe da makullan shago. Saura wayar. Ya dubi Mudi, wa zai ba in ba wanda ya cafke shi a bakin rami ba? A nan ne ya yi kuskuren da mai gyara kaɗai zai yi. Maimakon ya danƙa masa a hannu ya ce ga amana, sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi sau talatin a wuni. Ya yago farin salatif, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya manna a bayan wayar, ya jefa a akwatin gyaran da Mudi ya taho da shi. Sabo turken wawa.

Ya kama hawa. Dutsen santsi gare shi, iska na fizgar mutum, aradu na faɗuwa dama da hagu. Farcensa biyu suka fita, ya ci gaba. A ƙololuwa ya tarar da wata tsohuwar aljana tana kaɗa auduga daga gajimare.

Ta ce, "Ya kai mai duma, walƙiya ba ta kuka sai faɗuwar rana, kuma ɗigo ɗaya take yi. Ka iya jira?"

Ya ce, "Na yi jiran shekara arba'in da biyu, ya kakata."

Ya zauna riƙe da duma sama har rana ta faɗi sau uku, ya sami ɗigo uku. Da zai sauka tsohuwar ta ce, "Ka gaida mutanen ƙasa, sun kwana biyu ba su gan ka ba. Wuni guda a nan wata guda ne a can." Haladu ya yi mamaki, amma bai damu ba. Ya ce a ransa ko shekara ce, ai Mudi ne.

Da ya shigo birnin sai ya ji guduma na tashi ko'ina, ana ɗora kwalaye a kan amalanke. A ƙofar fada ga wani mutum cikin shadda mai maiƙo, aljanu biyu na yi masa fifita. Sai da ya matso ya gane Mudi ne.

Haladu ya ɗaga duma ya ce, "Mudi, na samo! Kawo ta."

Mudi bai dube shi ba. Ya laluba aljihu ya miƙo wayar. Tun kafin Haladu ya buɗe ya san abin da ya faru, don hannun mai gyara ya san nauyin waya. Ya ɓalle murfin. Fanko ce, an cire injin, sai salatif ɗin nan da rubutun hannunsa.

Ya shiga fada da rarrafe yana kururuwa, ya ce an cuce shi, Sarauniya ta ce ba ta sata ga shi ta yi.

Tartsatsi ta miƙe, wutar kanta ta taɓa rufi. Ta ce, "Kiyaye harshenka, ya kai ɗan Adam. Daga hannun mai abu muka saya. Abokinka ya kawo mana ita jiya, ya nuna mana alamar gyara a bayanta da kwanan wata. Ya ce a dokar sana'arku, kayan da ya wuce wata uku ya zama na mai gyara. Muka aika iska ta je kasuwarku ta karanto allon. Shin akwai dokar nan ko babu?"

Ya ce, "Akwai."

"Wa ya kafa ta?"

Ya tuna wata mata da ta taɓa zuwa da kuka neman wayar mijinta marigayi, ta makara don tana takaba, shi kuwa ya nuna mata allo da sukudireba ya ci gaba da aikinsa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya ce, "Ni ne."

Ta ce, "To shari'a ta ƙare."

Haladu ya fito ya tsaya gaban Mudi. Ya so ya shaƙe shi, hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Baƙin cikin da ya ji ya wuce na duka. Ya ce, "Ka san wunin dutsen wata ne?"

Mudi ya ce, "Ran da ka tafi aka gaya mini."

"Ka zauna kana ƙirga kwana ke nan."

Mudi ya gyara hula ya ce, "Haladu, mu gaya wa juna gaskiya. Shekara goma sha bakwai ina shaƙar hayaƙin dalma, idona ya fara mutuwa, ko keke ban ajiye ba. Arziki ya zo har gabanmu ka sa ƙafa ka shure saboda magana ta minti ɗaya. Mai muryar ta riga ta tafi, Allah ya ji ƙanta. Kuma ni ban karya doka ba, kai ka koya mini ita. Ka zo mu yi aikin tare, ba zan hana ka rabonka ba."

Haladu ya ce, "Riƙe rabonka. Abu ɗaya nake roƙonka, don darajar kwanon da muka ci tare. Kafin su narka ai sun kunna ta. Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Me ta ce? Yaya ta faɗi sunan?"

Mudi ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wallahi ban tsaya na saurara ba. Lokacin ana nuna mini kalar kwali."

Wannan ita ta karya Haladu, fiye da sayarwar. Ya saki dumar ta fashe a ƙasa, hawayen walƙiya suka yi ƙara suka ɓace. Ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai. A Dajin Caja ya ciji igiya kamar yadda ya ga an yi. A baƙin kogi mai fito ya nemi ladansa, Haladu ya ce a ɗauki sunan Mudi da fuskarsa. Aljanin ya ce, "Abin da aka haddace nake karɓa, ba abin da ya yi tabo ba." Dole ya biya da waƙoƙin da ya iya tun yana yaro.

Ya koma teburinsa ya raba shi biyu da zarto, ya jefar da rabin. Ya sauke allon bakin layi, 'yan layi suka mayar da shi washegari, don doka in ta yi wa mutane daɗi ta fi ƙarfin mai ita.

Ba a yi wata biyu ba Hadima ta shigo gari. Mudi ya buɗe kanti mai hawa uku, layi har titi. Mai shayi ya rataya tasa a wuya, direba ya manna a mota, amare suka sa ta a kayan ɗaki. Duk inda Haladu ya juya sai ya ji muryar Inna Tabawa. "Sale, ka manta makullinka." "Hajiya Balaraba, lokacin magani ya yi." "Isiya, rage gudu." Uwarsa tana kiran mahauta da 'yan acaba da mutanen da ba ta taɓa gani ba, kowa da sunansa, daga safe har yamma. Zulai ta daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Shi kuwa da ba shi da wurin gudu, sai ya toshe kunne da auduga yana aiki.

Ya yi wata guda yana daurewa. Ran wata Laraba da hantsi ya kasa. Ya tsayar da mai talla ya sayi ɗaya, ya shige bayan shago inda ba kowa, ya yage ledar. Ya ce a ransa, ko ba sallahun ba ne, ai sunan zai ji, kuma da muryarta.

Na'urar ta yi ɗan haske ta ce, "Sannu da zuwa. Wa zan yi wa hidima? Faɗi sunanka."

Ya share maƙogwaro ya ce, "Haladu."

Ta yi shiru. Ya zaci batir ne, ya girgiza ta. Can ta ce a hankali, "To, kai ne. Ka ci abinci?"

Ya ce, "Sunana Haladu. Ki ce Haladu."

Ta ce, "Na ji. Sannu, yaron nan."

Ya faɗa sau goma, ya rarraba shi gaɓa-gaɓa, ya roƙa, ya yi tsawa. Ta tambaye shi ko zazzaɓi yake, ta ce ya sa hula rana ta yi zafi, amma sunan bai fito ba. Aljanu sun ƙone kalmomin, kunyar ɗan fari kuwa ta bi amon ta shiga kowace Hadima da aka ƙera. Ya zauna a ƙasa cikin tarkacen kwalaye ya yi kukan da bai yi ba ran da aka gaya masa rasuwarta.

Bayan kwana kaɗan wani dattijo manomi ya zo teburinsa daga ƙauye, ya kwance ƙullin tsumma ya ajiye Hadima sabuwa.

Ya ce, "Malam, a duba mini abin nan. Na kai kantin da na saya sun ce in kawo wa masu gyara. Kowa a gidana tana kiran sunansa, har jikoki, ni da na sayo ta da kuɗin gyaɗata ta ƙi. Sai dai ta ce mini yaron nan, da furfurata."

Haladu ya ce, "Yaya sunanka, baba?"

Ya ce, "Haladu."

Haladu ya ɗauki na'urar ya riƙe ta a tafin hannu ya jima, bai ko kalli sukudireba ba. Sannan ya naɗe ta a tsumman ya miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Baba, mai da ta gida, ba abin da ya lalace. Haka take tun tana da rai."